Tambayi Goggo: Zan Tafi Roma, Me Zan Ci Guzurina Bai Ƙare Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Goggo, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin gona ne a nan Gombe, a Tumfure nake zaune. Allah ya sa sunana ya fito cikin waɗanda za a tura kwas na mako uku a birnin Roma bayan Sallah, kuma an ce masaukinmu ba shi da nisa da hedikwatar FAO, wato hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ban taɓa fita waje ba in ban da Umara. Guzurin da za a ba mu ba shi da yawa, ga shi ina so in rage wani abu in kawo wa iyali. Abokan aikina sun ce in cika jaka da garin kwaki da kilishi, wai abincin can duk naman alade ne da giya, ga ɗan karen tsada. Ni kuwa raina yana so in zauna a gidan abinci kamar kowa, in ɗanɗana abin da mutanen ke ci, ko sau biyu ne. Na ji kin taɓa zama a can. Ina zan shiga, me zan ce a ba ni, nawa zan tanada?
Ɗanki daga Tumfure

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya sanya alheri, ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.

Kafin komai, kilishin nan ka bar shi a gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi daga ƙasashe irin tamu shiga da nama ko kayan madara a jakarsa, ko ɗanye ko busasshe. Kilishi, dambun nama, man shanu, cuku, duk hukuncinsu ɗaya: in an gani a filin jirgi a ƙwace, wani lokaci har da tara. Ɗan gari da yajinka ka iya ɗauka, musamman yajin, don za ka neme shi.

Shekara biyu muka yi a Roma lokacin da maigidana yake karatu, a ɗaki ɗaya, da kuɗin tallafin da sai an yi ta ƙullawa kafin wata ya mutu. Na sake komawa ziyara bayan shekaru. Don haka na san halin da kake ciki, na mutumin da duk yuro ɗaya da zai fitar sai ya mayar da shi naira a zuciyarsa. Abin da nake so ka riƙe shi ne, abincin Italiya na asali abincin talakawa ne. Su da kansu suna da suna gare shi, cucina povera, wato girkin marasa hali. Fulawa ce da tumatir da mai da tafarnuwa da wake da ganye. A arewacin ƙasar suna da polenta, wanda ba wani abu ba ne illa tuwon masara. Suna da pasta e fagioli, taliya da wake ke nan. Suna da spaghetti aglio, olio e peperoncino: taliya, tafarnuwa, man zaitun da barkono, ƙanwar taliyar nan 'yar murji da yara ke saye da manja da yaji a ƙofar makaranta. Tsadar da abokan aikinka suka ji labari ta gidajen 'yan yawon buɗe ido ce, kuma ba can zan tura ka ba.

Ga yadda za ka gane inda za ka shiga. Ristorante shi ne babban gidan abinci, mai farin ƙyalle a tebur da ma'aikata cikin kwat. Naka shi ne trattoria ko osteria: ƙaramin wuri, sau da yawa na iyali ɗaya, uwa ko uba a madafa, ɗa yana kai faranti. Ƙasa da shi a kuɗi akwai tavola calda, inda abinci yake a dafe cikin gilashi, ka nuna da yatsa a zuba maka, kamar dai wajen masu tuwo a tasha. Duk inda ka ga mutum tsaye a bakin ƙofa yana kiran masu wucewa, ga hotunan abinci manya-manya a allo, ga jerin abinci cikin harsuna biyar, ka yi gaba. Haka ma gidajen da ke kallon Kolosiyam, tsohon filin wasan Rumawa, ko fadar Vatikan, kuɗin kallon suke sayarwa. Ka yi tafiyar minti goma zuwa cikin lungu, ka nemi inda jerin abincin gajere ne, an rubuta shi da alli ko da biro, kuma masu cin abincin da harshensu suke magana. Ka yi sa'ar masauki, don daga hedikwatar FAO da ke Circo Massimo da ƙafa ake zuwa unguwar Testaccio. Nan ce tsohuwar unguwar mahautan Roma. Mayankar birnin tana can har zuwa 1975, kuma ma'aikatanta da kayan ciki da wutsiya da ƙafa ake cika musu ladansu, shi ya sa girkin unguwar ya shahara da tumbi da wutsiyar sa, irin abin da mu muke yi wa farfesu. Akwai kasuwa a unguwar mai rumfunan abinci, akwai trattoria da dama.

Lokaci ma ka lura da shi. Abincin rana daga wajen ƙarfe ɗaya ne zuwa biyu da rabi, daga nan a rufe madafa sai bakwai da rabi ko takwas na dare. In ka je ƙarfe biyar da yunwarka, kujeru za ka tarar a kife kan tebura.

Takardar abincin za ta iya tsorata ka, don an kasa ta gida-gida. Antipasto shi ne ɗan abin taɓawa kafin abinci. Primo shi ne taliya ko shinkafa ko miya. Secondo nama ko kifi. Contorno ganye ko dankali. Dolce kayan zaƙi. Baƙo sai ya zaci dole ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tashi da lissafin da zai hana shi barci. Ba dole ba ne, ɗana. Su kansu sai ranar Lahadi ko ranar biki suke bin jerin duka. Ka ce a ba ka primo ɗaya, in kana so ka ƙara contorno, babu wanda zai kalle ka. A zuwana na ƙarshe farantin taliya a trattoria ta unguwa tsakanin yuro 9 ne zuwa 14. Wasu gidajen da rana suna da menù del giorno, abincin ranar, kuɗi ɗaya a haɗa maka abinci da ruwa, don ma'aikata aka yi shi, ka tambaya.

Abu biyu ne ke kumbura lissafi ba ka sani ba. Na farko, kuɗin zama da burodi, da ake rubutawa coperto, a Roma kuma sau da yawa pane za ka gani. Yuro 1 zuwa 3 ne a kan kowane mutum, kuma yana rubuce a takardar, yawanci can ƙasa da ƙananan haruffa. Na biyu ya fi haɗari: kifi da wani naman da awo ake sayar da su. In ka ga kuɗi kaɗan a gaban kifi, kusa da shi an rubuta all'etto, to kuɗin giram 100 ne kawai, kifin kuwa yana iya kai giram 500 ko fiye. Ka tambayi jimillar kuɗin kafin a ɗora shi a wuta. Ihsani ga ma'aikaci ba wajibi ba ne a can, in ka bar 'yan canjin da suka rage an gode.

Sai maganar da ta fi damun ka, kuma ta cancanci ta dame ka. Abokan aikinka ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. Naman alade yana da yawa a girkinsu, kuma yana ɓuya a ƙarƙashin sunaye da yawa. Ka rubuta waɗannan a takarda ka sa a aljihun gaba: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, salsiccia, salame, mortadella, speck, lardo, strutto. Na ƙarshen nan kitsen alade ne, ana sa shi a wasu burodi da kayan gashi. Cikin shahararrun taliyar Roma guda huɗu, uku ba naka ba ne: carbonara, amatriciana da gricia dukansu da kumatun alade ake yin su. Ta huɗun, cacio e pepe, cukun tumaki ne da masoro kawai. Miyar niƙaƙƙen nama da ake kira ragù galibi akwai alade a ciki, akwai giya. Risotto, shinkafar nan mai danƙo, yawanci da farar giya ake fara ta. Tiramisu, wani kayan zaƙinsu, wasu na zuba masa giya. Ko taliya da waken da na yaba maka ɗazu, wasu masu girkin suna jefa fatar alade a tukunyar don ɗanɗano, don haka kada sunan ya ruɗe ka.

Kalmomi kaɗan za su fisshe ka. "Senza maiale", ban da alade. "Senza vino", ban da giya. "Sono musulmano", ni Musulmi ne. Kada ka ji kunyar faɗa. Mutane ne masu ɗaukar abinci da muhimmanci, kuma sun saba da mai cewa ba ya cin kaza ba ya cin kaza.

Bari in ba ka labarin ranar da na gane haka. Akwai wata trattoria a bayan gidan da muke haya, tebura ba su fi takwas ba, an shimfiɗa musu takarda mai ruwan ƙasa maimakon ƙyalle. Wata uku ina wucewa ta gabanta ban shiga ba. Ranar da muka shiga, teburin kusa da mu magina ne guda uku, siminti a gwiwar wandunansu, suna ta hira da hannuwa. Maigidana ya faɗa wa yaron cewa mu Musulmi ne. Yaron ya shiga ciki, sai ga wata tsohuwa ta fito tana goge hannu a jikin rigar girkinta, gajeruwa, tabarau rataye a wuya. Ta ɗauki takardar abincin, ta ciro biro daga gashinta, ta bi layi-layi tana soke duk abin da ba namu ba, tana cewa "no, no, no". Abu biyar suka rage. Ta koma ciki, ta ƙofar madafar da ke buɗe na hango ta sauko da wani kasko daga ƙusa, ta sake wanke shi, alhali a wanke yake, sannan ta ɗora. Abin da ta kawo mana spaghetti al pomodoro ne: taliya, jar miyar tumatir da ta kama kowane sili, ganye biyu kore a sama, sai ƙamshin tafarnuwa. Babu nama ko tsoka ɗaya. Da na kai bakina na ji taliyar da ɗan ƙarfi a tsakiya, ba irin laushin da muka saba ba. Haka suke so, al dente suke cewa, wato sai haƙori ya san ya tauna wani abu. Kafin in kai rabin faranti na fahimci dalili, don taliyar da ba ta caɓe ba ita ke riƙe miya, kuma ba ta nauyaya ciki. Da maginan suka gama, na ga kowanne ya yagi burodi ya suɗe farantinsa tas. Har suna gare shi, scarpetta. Mu ma muka suɗe namu. Tsohuwar ta zo ta ɗauki farantan, ta dube su, ta dafa kafaɗata ta wuce. Daga ranar kusan duk wata sai mun je, kuma ba ta sake tambayarmu abin da ba ma ci ba.

To ga abin da zan ce ka nema: spaghetti al pomodoro ɗin nan, ko penne all'arrabbiata in kana son yaji, don tumatir ne da tafarnuwa da barkono, shi ya fi kusa da harshen ɗan Gombe. Aglio e olio. Melanzane alla parmigiana, wato baƙin yalon Turawa da aka soya aka jera da tumatir da cuku aka gasa. Gasasshen kifi da lemon tsami. A al'adar Roma Alhamis ranar gnocchi ce, 'yan curi-curin dankali da fulawa, Juma'a kuma ranar kifi, ka ga ta zo maka daidai. Naman sa da na kaza a irin waɗannan gidaje ba yankan Musulmi ba ne. Malamai suna da magana a kan yankan ma'abota littafi, haka suna da magana a kan cuku irin su Parmigiano da pecorino, waɗanda ake daskarar da madararsu da wani sinadari daga tumbin ɗan maraƙi ko ɗan tunkiya. Wannan ba fagena ba ne, ka tambayi malaminka kafin ka tashi, ka tafi da zuciya ɗaya. Ni dai kifi da ganye na riƙe a waje, nama kuwa sai in na saya wajen mahautan halal na kasuwar Esquilino kusa da tashar jirgin ƙasa ta Termini. In Juma'a ta yi ka je Babban Masallacin Roma, wanda aka buɗe a 1995, yana cikin mafi girma a Turai. Bayan an idar za ka tarar da masu sayar da abinci a waje.

Fiza kuwa ita ce abokiyar mai ƙaramin guzuri. A Roma akwai pizza al taglio, doguwa a kan tire, ka nuna iyakar inda kake so, a yanka da almakashi, a auna a sikeli, ka biya daidai nauyinta. Da 'yan yuro kaɗan ka yi abincin rana a tsaye. In zama za ka yi, margherita ka nema: tumatir, cukun mozzarella da wani ganye mai ƙamshi, basilico. Mutanen Napoli suna ba da labarin cewa a 1889 wani mai gashi, Raffaele Esposito, ya yi wa Sarauniya Margherita ita da launukan tutar ƙasar, ja da fari da kore. Wadda ta fi ta araha ita ce marinara, tumatir da tafarnuwa da mai da wani ganye mai ƙamshi, babu cuku ma sam, don haka babu shubuha. Ƙullin fizar Napoli na asali fulawa ne da ruwa da gishiri da yis, amma a shagunan yanka-a-auna ka tambaya ko akwai strutto. Sana'ar masu gashin fizar Napoli ba ƙaramar aba ba ce a wurinsu, a 2017 UNESCO ta sa ta cikin al'adun da duniya ke adanawa.

Kai malamin gona ne, na san wannan zai yi maka daɗin ji. Tumatirin da ya zama jinin girkinsu baƙo ne, daga nahiyar Amurka ya zo musu a ƙarni na 16. Busasshiyar taliya kuwa akwai hannun Musulmi a tarihinta. A 1154 masanin taswirar nan al-Idrisi ya rubuta cewa a garin Trabia na tsibirin Sisili, wanda Musulmi suka taɓa mulka, ana yin wani abinci na fulawa mai kamar zare da ake kira itriya, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashe. Kuma da alkama mai tauri ake yin ta, wadda suke kira grano duro, ita ce sirrin rashin caɓewar.

Ruwa kada ka ɓata kuɗi a kansa a kan hanya. Roma cike take da famfunan ƙarfe a bakin titi, nasoni, ruwansu na zuba dare da rana, mai sanyi, kyauta, kuma na sha ne. Ka riƙe gorarka. A gidan abinci za a tambaye ka naturale ko frizzante, ka ce naturale in ba ka son mai gas. Gahawa kuma a tsaye a gaban kantar shago ake shan ta, kuɗinta bai fi yuro ɗaya da 'yan kai ba, in ka zauna a tebur kuɗin ya canza. Da ka gama cin abinci ba za a kawo maka lissafi ba sai ka nema, don a wurinsu rashin ladabi ne a nuna wa baƙo ƙofa. Ka ɗaga hannu ka ce "il conto, per favore".

In ka ware yuro 15 zuwa 20 don zama ɗaya a trattoria, ya ishe ka har da ruwa da burodi. Ka yi haka sau biyu a mako, sauran ranakun ka riƙe fizar awo da tavola calda da abin da ka saya a kanti. In ka dawo ka rubuto mini abin da ka ci a Testaccio.

Tambaya: Goggo barka da aiki. Yarana sun ga taliyar Italiya a TikTok sun addabe ni. Na gwada sau biyu, duk sai ta caɓe ta manne. Da kayan da ke kasuwar Muda Lawal zan iya yin ta kuwa?
'Yarki daga Yelwa, Bauchi

Amsa: Za ki iya, 'yata, kuma kayan ba su kai na dafa-dukarmu yawa ba. Dafa-dukar taliya da tattasai da kifi abinci ce mai zaman kanta, ba na haɗa ta da komai. Wannan dai wata hanya ce daban, kuma wahalarta ɗaya: ki iya riƙe hannunki. Ban da kori, ban da dunƙule, ban da attaruhu mai yawa.

Ki zaɓi tumatir nunanne sosai, wanda ya yi ja har gindi, kamar goma ga leda ɗaya ta giram 500, wadda za ta ishi mutum biyar. Ki tsoma shi a tafasasshen ruwa minti ɗaya, ki ɓare bawon, ki murƙushe da hannu, kada ki kai inji. Ki zuba man zaitun a kasko, in ya yi miki tsada man gyaɗa mai kyau ya wadatar. Ki fasa tafarnuwa uku ki saka a wuta kaɗan har ta fara ƙamshi, kada ta yi baƙi, don in ta ƙone miyar ta yi ɗaci ke nan. Ki zuba tumatir da gishiri, ki bar shi minti 20 har ruwan ya tsotse mai ya taso.

Caɓewar da kike kuka da ita daga tukunya take. Ruwa ya yi kaɗan, ko kin zuba taliyar kafin ya tafasa, ko ta daɗe a wuta. Ƙa'idarsu lita ɗaya ta ruwa da giram 10 na gishiri ga kowane giram 100 na taliya, don haka babbar tukunyarki za ki ɗora. Sai ya tafasa yana bori ki zuba, kada ki karya ta, kada ki sa mai a ruwan, ki juya a mintin farko don kada ta manne. Ki duba mintin da aka rubuta a jikin ledar, ki rage biyu. Kafin ki tace ki ɗebi ludayi ɗaya na ruwan dahuwar ki ajiye. Kada ki ɗauraye ta da ruwan sanyi kamar yadda muka saba, don wannan farin danƙon shi ke sa miya ta kama ta. Daga kwando sai cikin kaskon miya, ki zuba rabin ludayin nan, ki yi ta juyawa a wuta minti biyu. In kina da ɗoɗɗoya a bayan ɗaki ki tsinko ganye uku ki yaga da hannu a kai, 'yar'uwar basilico ce, sai dai ta fi ta ƙarfi, don haka kaɗan. Ki tabbata yaran sun wanke hannu sun zauna kafin ki sauke, wannan taliyar ba ta jiran kowa a kula.